Bikon Ramatu da Mawaƙan Kaboyi

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A masallaci, a teburin mai shayi, har a wurin jana'iza wani ya matso kusa da ni ana jiran fito da gawa ya ce, "Malam Habu, wai da gaske can ba a ɗauke wuta?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sanda na ba da labarin sai na ƙara masa gishiri ta inda zai yi mini daɗi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Da farko dai ba yawon buɗe ido na je ba. Biko na je.

Ƙanena Nasiru ya shekara goma sha shida yana tuƙa tasi a New York. Matarsa Ramatu ta kwashe 'ya'yansu mata biyu ta koma gidan gwaggonta, wata huɗu ke nan, kuma ta aiko da saƙo cewa idan watan da muke ciki ya ƙare za ta je wurin limami a raba auren. Innarmu, wadda ta haura tamanin, ta rage cin abinci. Ta aika aka kira ni ta ce, "Habu, auren mutane nawa ka ɗinke a unguwar nan? Na ɗan'uwanka ne za ka zuba wa ido ya yage?"

Ba yabon kai ba, a Fagge an san ni da wannan aiki. Tun da na ajiye aikin hedimasta, duk macen da ta yi yaji ni ake turawa. In na zauna a zauren surukai na gyara murya, kafin in kai rabin jawabina za ka ji ana cewa a miƙo wa yarinya mayafinta. Wasu na cewa hikima ce, masu hassada na cewa gajiya ce ke sa a sallama. Ni dai ban taɓa dawowa hannu rabbana ba.

Maiɗakina Binta ce ta haɗa mini kaya: kilishi, daddawa, kuka, da ƙullin goro fari na kai wa gwaggon Ramatu. Jirgi ya ɗauke mu daga Kano ya sauke mu a Alkahira, muka zauna har ƙafafuna suka kumbura, sannan aka zuba mu a wani. A wannan na biyun aka kawo abinci a ɗan kwano, cinyar kaza guda da ganye ɗanye a gefe, na ci kazar na mayar musu da ganyen. Rana kuwa ta ƙi faɗuwa. Na duba agogona ya ce isha'i ta wuce, na leƙa taga na ga azahar. Na yi sallolina a zaune, na bar wa Allah lissafin.

A filin jirgin New York na yi kuskurena na farko. Jami'ar da ke duba fasfo baƙar fata ce, ba ta fi sa'ar 'yata ba. Na gaishe ta yadda ya kamata, na tambaye ta aiki da mutanen gida, ta dube ni kamar na nemi ta ara mini takalminta. Ta ce me ya kawo ni. Na tattaro Turancina na hedimasta na ce na zo ne in mayar da matar ƙanena ɗakinta, domin ta gudu.

Ta ajiye hatimin da ke hannunta. "Ita tana son komawa?"

"Ai da tana so da ban zo ba," na ce.

Ban san lokacin da mutum biyu suka bayyana a bayana ba. Aka kai ni wani ɗaki mai sanyi, aka zazzage jakata, wani kare da ya fi ni ƙiba ya nufi kilishin Binta kai tsaye, aka ɗauke shi, ba karen ba, kilishin. Daddawa kuwa da aka kwance ƙullinta sai da jami'in ya ja da baya. Na yi bayanin biko har bakina ya bushe, su kuwa suna rubutu. Ƙarshe suka karɓi lambar Ramatu suka kira ta, suka buɗe muryar kowa na ji. Ta ce musu, "Yayan mijina ne, ku sake shi. Ba ya cutar kowa, magana ce kawai gare shi da yawa." Haka matar da na zo rarrashi ta fara da belina.

Nasiru na jirana a waje. Ya rame, gemunsa ya yi furfura fiye da nawa, abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban jama'a, ya ɗauki jaka, daga nan har muka isa Bronx bai faɗi abin da ya wuce "Ya hanya?" da "Ya Inna?" ba. Haka yake tun yana yaro. In ka tambaye shi sunansa sai ya yi tunani tukuna.

Gidansa a Morris Heights yake, hawa na biyar, kuma lifta ta lalace tun kafin azumi. Na kwana a kujerar falo kusa da wani ƙarfen ɗumama ɗaki da ke ƙwanƙwasa kansa duk sanda ya ga dama. Na yi kwana biyu ina amsa sallama ga ƙarfe. Maƙwabcinsa, Baba Isifu, Bahaushen Kumasi ne mai gadin wani shago, shi ya ɗauki nauyin cikina. Kullum sai ya kawo mini shinkafa da wake irin tasu, an dafa ta yi ja, da baƙin yaji mai sa mutum tuna zunubansa. Ya zauna yana kallona ina ci ya ce da Hausarsu ta Kumasi wadda ba ta raba mace da namiji, "Malam, matan ɗan'uwanka mutumin kirki ne. Ya yi haƙuri da yawa. Amma wannan ƙaninka, bakin shi kamar an kulle an jefa makulli a teku."

Na tambayi Nasiru me ya haɗa su. Ya ce, "Wallahi Yaya ban san me na yi ba." Duk mijin da na taɓa yi wa biko da wannan jimla ya fara, saboda haka ban damu ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki, a ƙasar nan biko ma sai an sa masa rana da awa. Ramatu aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu, gwaggonta Hajiya Asabe kuma tana da shagon kitso, sai da aka yi kwana shida ana daidaita hutunsu. Ran Alhamis muka shiga jirgin ƙasa mai lamba huɗu, muka canza wani a ƙarƙashin ƙasa, muka nufi wata unguwa da ake kira Jamaica. Na shiga tarago na yi sallama da ƙarfi, mutum sama da hamsin ba wanda ya ɗaga kai. Wata mata kuwa ta rungume ɗan karenta mai riga ta matsa can nesa da ni.

Hajiya Asabe ta karɓe mu da mutunci, ta karɓi goro ta yi godiya. Ramatu ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini jajen kilishi. Yaran suka gaishe ni da Hausa guntu-guntu, na tambaye su makaranta suka amsa da Turanci suka gudu ciki. Na gyara zama, na gyara murya, na fara. Na kawo haƙuri, na kawo zumunci, na kawo hawayen Inna, na ce Nasiru ya yi nadama, ba ya barci, ba ya cin abinci. Nasiru na gefena yana ƙirga zaren darduma. Na yi awa biyu, a rayuwata ban taɓa yin jawabi mai kyan wannan ba, har Hajiya Asabe ta share ƙwalla.

Ramatu ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Yaya, ya gaya maka yadda na ji rasuwar mahaifiyata?"

Na ce a'a.

"Shi aka fara kira daga Kano. Ina kicin, yana falo. Ya sa takalmi ya fita, ya je ya samo matar limami ta zo ta gaya mini, shi kuma ya ɗauki mota ya tafi aiki. Da ya dawo ya turo Baba Isifu ya yi mini gaisuwa. Ɗaki ɗaya muke kwana, Yaya."

Na ce ai kara ce irin tamu, nauyin baki ne, a gida ma babban labari ba miji ke faɗa ba. Ta ce ta sani, amma a gida akwai uwa da 'yan'uwa da maƙwabta cike da tsakar gida, nan kuwa daga ita sai bango sai shi. Ta ce na gode da tattaki, ta tashi ta shiga ciki. Ba wanda ya miƙo mayafin kowa.

Saura kwana tara wata ya ƙare. Inna na kira kullum, ni kuma ina ce mata ana kan magana. A gaskiya tsoro ya kama ni, don ban san da wane ido zan dubi tsohuwar nan ba.

Ana haka, ina tsaye a tashar jirgi sai na ga hoto a bango, na matsa na ƙura masa ido. Duk wanda ya yi samartaka a Kano a zamaninmu ya san yadda muka ɗauki waƙoƙin kaboyi, waɗanda ake kira kantiri. Direbobin tirela, teloli, malaman makaranta, kowa na da kaset. A cikin mawaƙan akwai wasu biyu, mace da namiji, da ke waƙa tare, shi ya yi baiti ita ta amsa. Ba ma iya faɗin sunayensu daidai, sai muka raɗa musu Mai Malafa da Gimbiya. A kaset ɗina Nasiru ya san su, kuma lokacin da yake neman Ramatu, da yake ba ya iya zance, rikoda yake ɗauka ya je ƙofar gidansu ya kunna musu su zauna shiru har batir ya mutu. To ga su nan a bango, sun tsufa, za su yi wasa ran Lahadi da rana a wani ɗan zaure a Manhattan.

Na ce Allah ya kawo mafita. Na kira Ramatu na ce alfarma ɗaya nake nema kafin in koma, ta raka ni kallo. Ta ce saboda ni za ta zo.

Muka haɗu a ƙofar zauren da ƙarfe biyu. Na sha babbar riga da hula zanna, Nasiru ya sa kaftaninsa na Sallah. Muna kan layi na fara shimfiɗa. Na ce, "Ramatu, dubi bayin Allah nan. Shekara arba'in suna tare, miji da mata, ba su da malami, ba su da limami, amma ko sau ɗaya ba a taɓa jin ta yi yaji ba." Ban karanta wannan a ko'ina ba. Kawai dai mun ga hotonsu a bayan kaset ta jingina da kafaɗarsa, duk Fagge muka ɗaura musu aure.

Ciki kuwa tsofaffin Turawa ne wajen ɗari uku, wasu da sanda, wasu a keken guragu, wani ma da tulun iskarsa a gefe. Na zauna tsakanin Nasiru da Ramatu, kamar yadda ya dace da mai biko. Aka rage fitila. Mai Malafa ya fito yana dogara sanda, malafar ce kaɗai ba ta tsufa ba. Gimbiya ta biyo shi da gashi fari tuli guda, wanda Ramatu ta raɗa mini cewa na kanti ne. Aka miƙa masa gita, ya daɗe yana neman inda zai zauna.

Da suka buɗe baki kuwa, sai na nemi dariyata na rasa. Muryarsa ta dushe, tata tana rawa, amma da suka haɗu sai na ji ni a shagon telan unguwarmu ina ɗan shekara ashirin da biyar, da sauran gashi a kaina. Abin haushi, mutanen nan ba mai motsi. Waƙa ta yi daɗi haka, ba guɗa, ba kirari, ba wanda ya taka. Na ga rashin kyautawar ta yi yawa, na miƙe na ciro 'yan dalolin da ke aljihuna na nufi dandamali in yi musu liƙi. Ban yi taku goma ba wata dattijuwa mai tocila ta tare ni, ta kama hannun rigata ta mayar da ni kujera kamar ɗan aji ɗaya. Ramatu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

Bayan waƙa ta huɗu Gimbiya ta jawo makirfo ta ce, "Ga waɗanda ba su sani ba, wannan tsohon mijina ne. Shekara shida muka yi, muka rabu shekara talatin da ɗaya da suka wuce."

Mai Malafa ya ce, "Ita ta tafi da gidan, ni na tafi da karen."

"Karen ma dawowa wurina ya yi," in ji ta.

Zaure ya kwashe da dariya. Mai Malafa ya nuna matarsa ta huɗu a layin gaba, ta ɗaga hannu aka tafa mata. Ni kuwa zufa ta karyo mini cikin sanyin nan. Na tsallako teku, na yi asarar kilishi, na kawo mace mai neman saki kallon mutum biyu da saki ya karɓe su. Ban yarda na dubi ɓangaren Ramatu ba.

Sai Mai Malafa ya cire malafar ya ɗora a gwiwa. Ya ce waƙar da za su yi yanzu ya rubuta ta ne bayan sun rabu, da ya rubuta ta kafin nan da wataƙila bai rasa karen ba. Aka yi 'yar dariya, shi bai yi ba. Waƙar ba ta da wani azanci. Mutum ne ke ce wa tsohuwar matarsa ranar da aka binne mahaifinta yana wani gari yana wasa, ya san ya kamata ya zo, bai zo ba, kuma bai taɓa cewa komai a kai ba. Ita kuma ta amsa cewa ta daina jira tuntuni, amma ya faɗa, tana ji. A tsakiya ya manta baiti, ya tsaya yana kallonta, ta raɗa masa, ya ɗauka ya ci gaba. Na sha jin waƙar nan a kaset shekara da shekaru, kiɗan nake bi, ban taɓa sauraron abin da suke faɗa ba.

Na ji kujera na motsi a damana. Ramatu ce ke kuka, ba sauti. Na juya hagu, Nasiru ya kafe ido a kan takalminsa.

Muka fito wajen la'asar, rana na nan, motoci na ta ƙara. Na ga ƙarfe ya yi zafi, yanzu ne lokacin bugu. Na tsayar da su a gefen titi, na gyara babbar riga, na gyara murya. "To, Ramatu, abin da Nasiru yake so ya ce miki shi ne..."

"Yaya." Ta share ido ta dube ni. "Don girman Allah ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tsohon nan da ƙyar yake tsayuwa, haƙoransa ma ba nasa ba ne, baitin ma mantawa yake yi. Amma ka ga ya aiko yayansa ya rera masa?"

A shekaruna na biko ba a taɓa katse ni ba. Na buɗe baki in kawo misali, sai na ji an taɓa hannuna. Nasiru ne. Murya can ƙasa ya ce, "Yaya, ko za ka ɗan ba mu wuri?"

Na ba su wuri. Na taka zuwa kusurwar titi inda wani ke sayar da huluna da tabarau a kan tebur, ashe mutumin Maraɗi ne. Ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, Alhaji, lafiya kake tsaye kamar an kore ka?" Na ce korar tawa aka yi. Ya ba ni kujerarsa. Daga nan nake hango su. Nasiru ya tsaya yana ta kallon ƙasa, har na yunƙura zan koma in taimaka, Bamaraɗen ya riƙe mini riga. Can sai na ga bakinsa na motsi. Bai fi minti uku ba, kansa a sunkuye, hannuwansa a baya kamar mai karanta hadda. Ramatu ta ce wani abu, ya ɗaga kai ya dube ta, ya sake magana. Ni da nake yin awa biyu, minti uku aka yi a gabana ban ji ko harafi ba.

A tasha ta durƙusa ta yi mini sallama ta shiga jirgin Jamaica, mu muka shiga na Bronx. Na ce shi ke nan, ta watse. Sai da muka wuce tasha biyar Nasiru ya ce, "Ta ce in zo ran Talata." Na ce madalla, sai in sa farar rigar. Ya ce, "Ni kaɗai, Yaya."

Ya je Talata, ya je Laraba, ya je Juma'a. Ni ina gida ina cin shinkafar Baba Isifu. Ana gobe zan taso, wata ya rage kwana ɗaya, na ji hayaniyar yara a matakala, Ramatu ta shigo tana haki tana tsine wa lifta. Na tambayi Nasiru me ya ce mata, ya ce, "Ba komai, Yaya."

A Kano aka tarbe ni kamar na ciwo yaƙi. Inna ta ci tuwo malmala biyu, ta sa mini albarka har na ji kunya. A majalisa aka ce bakin Malam Habu har Amurka yana aiki, ni kuwa ban musa ba. Binta kaɗai na gaya wa gaskiya, da hantsi, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na ba ta labarin tun daga kare har zuwa teburin Bamaraɗe, ina dariya ina cewa yaran zamani sai a bar su.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, shekarar da na yi yaji ina goyon Sadiya, wa ya zo gidanmu?"

Na ce Kawu Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa.

"Amin. Kunyarsa na ji na dawo." Ta fitar da tsakuwa ta jefar. "Shekara ashirin da takwas ke nan. Naka bakin har yau ban ji ba."

Na gyara zama. Na gyara murya. Ta ajiye faifan a cinya ta zuba mini ido tana jira, sai na ji kaina ina tambayarta ko akwai sauran ruwan zafi a fulas.